Tarkon Alhamis

Sau biyu muna shirya abu a guruf ɗinmu na waya, sau biyun kuma Agogo yana riga mu zuwa wurin. Na farko na ce tsautsayi ne. Na biyu kam ko yaro ya san ruwa ba ya tsami banza.

Agogo shi ne mai kula da mu a kamfanin da muke ɗinka rigunan ma'aikata da na 'yan makaranta. Mu muka laƙaba masa sunan, don ko gaisuwa zai amsa sai ya fara duba tsintsiyar hannunsa. Mu mata sittin da huɗu ne a ɗakin ɗinki, layi huɗu, kowace da kekenta. Ni ina layi na uku, aikina haɗa kwala da jikin riga. Wadda ke ɗinka kwalar ta miƙo min ta kan kafaɗarta ita ce Yaya, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita kuma ta samo min wannan aikin. Kujerarta tana gabana, ƙeyarta nake kallo daga safe har yamma.

Duk rigimar a kan ƙofar baya ce. Tun da aka ce wasu bandir na yadi sun ɓace, sai aka naɗa wa ƙofar sarƙa aka datse da kwaɗo, ya zama ƙofa ɗaya ce gare mu. Wata rana wayar dutsen guga ta yi tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe. Ba wata babbar wuta ba ce, bokitin ruwa biyu ya kashe ta. Amma kafin a kashe, mata sittin da huɗu sun yi kan ƙofa ɗaya, aka tattake wata mai tsohon ciki a bakin dokin ƙofar. Allah ya tsare ta haihu lafiya. Da muka yi magana, Agogo ya duba agogo ya ce za a duba.

A ranar na buɗe guruf, na sa masa suna Zare da Allura, don in wani ya hango a waya ya ɗauka hirar ɗinki muke. Ni ce adimin, ni da Guntuwa mai sa maɓalli, wadda tsawonta bai wuce teburin yanka ba amma bakinta ya kai rufi. Ba a shiga da waya ɗakin ɗinki, a akwatin mai gadi muke barinsu sai hutun ƙarfe ɗaya. Da an fito kuwa, sai ka ga kowace ta duƙa a ƙarƙashin rumfa, cokali a hannu ɗaya waya a ɗaya. Abin da ba mu iya faɗa ba shekara da shekaru saboda ƙarar kekuna, cikin mako biyu muka faɗe shi tas. Na ji daɗin kaina, ba zan ɓoye ba. Har takuna ya canza.

Shiri na farko shi ne mu sa hannu a takardar koke a ɗakin ajiye yadi lokacin hutu. Muna zuwa muka tarar Agogo ya jawo kujera ya zauna a bakin ɗakin yana yanke farce. Na biyu, wani shafin ma'aikata mai mabiya da yawa ya ce in mun turo hoton sarƙar zai wallafa. Guntuwa ta ɓoye waya a cikin zani ta shigo da ita. Ranar sai ga ƙofar baya a buɗe wanwar, an share gabanta, har da sabon jan bokitin yashi a gefe. Me za ta ɗauka? Washegari sarƙar ta dawo, bokitin ya tafi.

Daga nan guruf ya yi sanyi. Sai ka rubuta magana, ka ga mutum hamsin sun karanta, uku su amsa. Ni kuma na koma bin sunayen waɗanda suka karanta ɗaya bayan ɗaya: wa ta fara buɗewa, wa ke buɗewa ba ta taɓa cewa uffan, wa ta saurari saƙon murya alhali ta ce ba ta da data. A rumfa, in biyu suna hira ta uku ta zo, sai a koma maganar tsadar zare. Wadda ta daɗe a banɗaki sai an lissafa mata mintoci. Ni kaina sai da na daina son dariyar wasu mutane da na shekara ina dariya tare da su.

"Da ɗan gari akan ci gari," in ji Guntuwa, ranar da muka raɓe bayan tankin ruwa mu biyu. "Akwai munafuka a cikinmu, kuma wallahi sai na ga idonta."

"Cikin sittin da huɗu? Ta ina za ki fara?"

"Ba sittin da huɗu ba ne, uku ne." Ta ɗaga yatsu. "Rediyo, wadda ko mafarki ta yi sai ta ba mai gadi labari. Sai Sabuwa, wata biyu da zuwanta, ba wanda ya san daga inda ta faɗo, kullum tana latsa waya kamar mai tsince tsakuwa."

"Ta ukun fa?"

Ta kalli ƙasa. Guntuwa ba ta kallon ƙasa, don haka na san abin da ke tafe.

"Auta, kada ki ji haushi. Wa ke tuƙa Manaja?"

Mijin Yaya ne direban Manaja, ubangidan Agogo. Kowa ya san wannan, ni ma na sani, amma ban taɓa ajiye shi kusa da maganar guruf ba sai da ta ajiye min. Na taso mata kamar zan cinye ta. Na ce Yaya ce ta fara buɗe baki a kan ƙofar nan tun kafin a san za a yi guruf, ita ce in ta ce a tashi mata ke tashi.

"Ni ban ce ita ba ce," in ji ta. "Amma mace da mijinta, waya a kan katifa. In kin gwada mutum biyu kin tsallake 'yar'uwarki, da wane bakin za ki yi wa mata magana? Ki gwada ta ki wanke ta, shi ke nan."

Dabararta mai sauƙi ce. Kowace daga cikin ukun zan tura mata saƙo ita kaɗai, in ce an tsayar da ranar da za mu kashe kekuna mu je mu tsaya a ƙofar baya har a cire kwaɗon. Rediyo a ce mata Talata, Sabuwa Laraba, Yaya Alhamis, duk ƙarfe goma. Ranar da muka ga Agogo ya shirya, mun san bakin da ya kai masa.

Na yarda. Na ce wa kaina don in wanke Yaya ne. Amma gaskiya tun a bayan tankin nan wani abu ya fara yi min susa a zuciya. Na tuna yadda take cewa mu bi a hankali. Na tuna ranar da aka rage mata hanya a motar Manaja. Zato zunubi ne, an faɗa, amma in ya shiga mutum ba ya neman izini.

Na rubuta saƙonnin uku a rumfa, ina zaune kusa da ita, gwiwata na taɓa tata. Nata na fara shi da cewa: "Yaya, ke kaɗai na faɗa wa, kada ko mijinki ya ji." Na ƙara da cewa in an ga na miƙe sai a miƙe. Wayarta ta yi ƙara a cinyarta. Ta karanta, ba ta kalle ni ba, ta dai ɗebo naman da ke cikin kwanonta ta sa a nawa.

Talata ƙarfe goma ta yi, ba komai. Agogo yana ofishinsa mai gilashi yana kallon kwamfuta. Rediyo, wadda ke zaune a bayana, ta yi ta zuba min ido, da ta ga ban miƙe ba ta ci gaba da ɗinki. A hutu na ce mata an ɗaga. Laraba ma haka. Sabuwa ko tambayata ba ta yi ba. Ni kuwa maimakon in ji sauƙi, sai damuwata ta ƙaru, don in ba su biyun ba ne, saura mutum ɗaya.

Ranar Alhamis, goma saura kwata, masu gadi biyu suka shigo ɗakin ɗinki. Ba su taɓa shigowa ba. Suka wuce tsakanin layi na biyu da na uku, suka je suka tsaya a jikin ƙofar baya, hannu a ƙirji. Agogo ya fito daga ofis ya jingina da bango. Na waiga, Guntuwa ta kafe ni da ido daga layi na huɗu. Allurata ta bi ta kan kwala ta fita ta gefe ban sani ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne wurin zama. Rediyo da Sabuwa a bayana suke, suna iya ganin ko na miƙe. Yaya a gabana take, bayanta ta ba ni. Agogon bango kawai take gani. Goma na bugawa ta kashe kekenta, ta kaɗe zare daga cinyarta, ta miƙe. Ba ta waiga ba. Ta bi layin nan a hankali, da ɗan ɗingishin da gwiwarta ke sa ta, har ta isa gaban masu gadin ta tsaya.

Kekuna sittin da uku suna ta gudu. Ba wadda ta san me ke faruwa sai ni da Guntuwa. Na so in miƙe, wallahi na so, amma wata murya a kaina tana cewa: to masu gadin fa, wa ya kira su? Sai da ta yi kamar minti guda a tsaye kafin ta juyo. Ta kalli ɗakin, ta kalle ni a zaune.

Da Agogo ya kore ta a lokacin, da ya wanke ta. Bai yi ba. Ya taka ya same ta yana murmushi, wanda rabonmu da ganin haƙoransa har mun manta. Ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya rako ta har kujerarta, ya ja mata kujerar da hannunsa. Can sai ga mai shara ta kawo mata ruwan sanyi a kofin ofis, kofin gilashi, ta ajiye a gefen keke. Duk ɗakin ya ga kofin nan. Yaya ba ta taɓa shi ba, amma wa ya damu da wannan?

Kafin in karɓo wayata daga akwati, Guntuwa ta riga ta zuba komai a guruf: tarkon, ranakun uku, masu gadi, kofi. Guruf ɗin da ya yi mako yana barci ya tashi kamar an taɓa gidan rina. Wata ta ce dama ta daɗe tana zargi. Wata ta ce tashin da ta yi wasan kwaikwayo ne don ta rufe sawu. Rediyo, da ta gane ita ma an gwada ta kuma ta tsira, ta fi kowa zaƙewa, saƙon muryarta minti huɗu. Sai aka fara: adimin, me kike jira? Ko don jininki ce?

Yaya tana zaune a ƙarshen benci, waya a hannu, tana karantawa. Saƙo ɗaya ta rubuta: "Auta, da ma ba gaskiya ba ne?"

Raina a ɓace yake, kunya da haushi sun haɗu sun rufe min ido. Na ga kamar ta mayar da ni abin dariya a gaban matan da suka fara kirana shugaba. Na danna sunanta na cire ta. Rubutun ya fito kowa ya gani, wasu har da tura alamar tafi. Ta kalli wayar, ta sa ta a jaka, ta rufe kwanonta da ba ta ci rabi ba, ta koma ciki tun kafin a buga ƙararrawa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi a haka. Ba wadda ke zama kusa da ita a rumfa. In ta shiga banɗaki sai a yi tsit. Wata ta rubuta mata kalma da allin yanka a bayan kujera, ni ina kallon kalmar kullum, ban goge ba. Kwala kuwa ba ta fasa zuwa ba. Hannunta zai ɗago ta kan kafaɗa, in karɓa, hannun ya koma. Ɗinkin nan tsaf kamar kullum. Na daina zuwa gidanta, ita ma ba ta kira ba. Mijina ya tambaye ni sau ɗaya, na ce maganar wurin aiki ce, ya bar ni.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne Agogo ya daina riga mu. Muka tara sa hannun mutum arba'in a rumfa bai leƙo ba. Guntuwa ta ce, "Kin gani? An toshe ɓaraka." Na ce na gani. Amma barci bai dawo min daidai ba.

Ranar Litinin ta biyu, wajen goma da rabi, na kai samfurin riga ofis. Agogo ya juya kwalar, ya sa hannu a takarda, ya miƙo min. Har na juya sai ya ce, kamar mai son nuna shi ma mutum ne:

"Malama, ya ƙafar surukar taki? Allah ya sa ba karaya ba ce."

"Surukata, Yallaɓai? Lafiyarta ƙalau na baro ta."

Ya ɗago. Fuskarsa ta yi wani iri na ɗan lokaci, sai ya duba agogo. "To, wataƙila wata ce. Koma bakin aiki."

Ƙarfe ɗaya na karɓi wayata. Ba alamar sabon saƙo daga mijina. Amma da na buɗe hirarmu, ga shi nan: "Mama ta zame a banɗaki, muna asibiti, za a ɗauki hoton ƙafar." Tara da minti ashirin ya turo. Saƙon a buɗe yake, an riga an karanta, alhali wayar tana kulle a akwati tun bakwai.

Na kira shi, ya ce targaɗe ne, sun ma koma gida. Daga nan na yi kan mai gadi. Tsohon ya rantse da abin da zai kashe shi bai taɓa ba, ya ce shi ko tasa wayar jikarsa ke buɗe masa. Kuma gaskiyarsa, tawa sai da yatsana take buɗewa. Ina tsaye ina masifa, Sabuwa ta matso. Ashe kafin ta zo nan a shagon gyaran waya take aiki, abin da ba wadda ta taɓa tambayarta.

"Anti, kawo in ga wani abu."

Na ba ta, ina hararar hannunta. Ta shiga nan ta shiga can, ta juyo min da fuskar wayar.

"Kin taɓa haɗa ta da kwamfuta?"

"Wace kwamfuta? Ni ina na ga kwamfuta?"

"Ga ta nan. Wata biyar ke nan da haɗawa, ba a cire ba. Dubi, yau ma an shiga, sha biyu da rabi. Duk wanda ke gaban kwamfutar nan, abin da kike gani shi yake gani. Guruf, hirarki da kowa, hotuna, har saƙon murya."

Wata biyar. Na tuna. Takardar jarrabawar 'yata ce aka turo min a waya, ana buƙatarta a buge washegari, ni kuma ƙyuya ta hana ni zuwa shago bayan an tashi. Na roƙi sakatariyar ofis. Ta ce in kawo wayar, ta nuna min wani zane mai kusurwa huɗu a fuskar kwamfuta kamar saƙar tabarma, ta ce in haska. Na haska. Takarda ta fito, na yi ta godiya, na tafi. Ita sakatariyar ta bar aiki tun kafin gobarar. Kwamfutar kuma aka mayar da ita teburin Agogo.

Ban zauna ba, amma komai ya zauna min a kai ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kai masa rahoto. Shi da kansa yake karantawa, da shayinsa a gefe. Ya ga saƙon Rediyo, ya ga na Sabuwa, ya ga na Yaya, ya ga hirarmu da Guntuwa muna yaba wa kanmu dabara. Ranaku uku muka jera masa a faranti, ya zaɓi wadda ta fi masa amfani. Me zai yi da Rediyo? Yaya ce mata ke bi. Bai kore ta ba, mu ya bari muka yi masa aikin, da kofin ruwa ɗaya.

"Anti, in cire?" in ji Sabuwa.

"Cire."

Ta danna. Abin bai ɗauki ƙiftawar ido ba. Ta miƙo min wayar, ta ce a hankali, "Ni ma na san kun gwada ni. Ban ji daɗi ba, amma ni baƙuwa ce." Ba ta ƙarasa ba, ban kuma buƙaci ta ƙarasa ba. Laifi tudu ne, na taka nawa wata biyar ina hangen na mutane.

Da aka koma ciki, abu na farko da na yi shi ne na jiƙa ƙyalle na goge bayan kujerar Yaya. Ta ji motsin, ba ta juyo ba. Na kasa yi mata magana a nan. Ana tashi na bi ta a baya kamar wadda aka aika, har gida.

Na tarar ta baza farar rigar aikin mijinta a kan tebur tana guga. Na yi sallama ta amsa, ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in fita ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mata komai, tun daga takardar jarrabawa har ƙafar surukata. Ina yi ina kuka, irin kukan da rabona da shi tun ina yarinya a ɗakinta. Ta gama hannun riga ɗaya, ta juya ɗayan.

"Yaya, ki ce wani abu. Ni ce. Ba ke ba ce."

"Ai na san ba ni ba ce, Auta. Wannan ba labari ba ne a wurina."

"Ki yafe min cire ki da na yi."

"Cirewa?" Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. "Guruf ɗin banza, da aka yi shi jiya? Kwamfuta kuma kuskure ne, ko ni ce zan iya yi. Abin da nake ta juyawa kwana goma sha ɗaya ba shi ba ne. Kina zaune kusa da ni kika rubuta min 'ke kaɗai na faɗa wa.' Gwiwarki tana jikin tawa. Ina so in sani, da kike rubutawa, hannunki ya yi rawa?"

Na buɗe baki in ce e. Na rufe, don ta san ni tun ban san kaina ba.

"Kwana uku na riƙe maganar nan," in ji ta. "Mutumin nan da muke kwana ɗaki ɗaya, ya tambaye ni me ke damuna, na ce gwiwa ce. Kin ce in an ga kin miƙe a miƙe. Na ce a raina, a'a, wadda ta fara tashi ita za su kora, Auta tana da yara ƙanana, ni nawa sun girma. Shi ya sa ban jira ki ba. Ko waiwaye ban yi ba, don na san kina bayana."

Na ce zan mayar da ita guruf yanzu-yanzu, zan yi saƙon murya in wanke ta.

"Ba a waya ba. A rumfa kuka guje ni, a rumfa za ki tsaya ki faɗa da bakinki, kowa na kallon idonki. Maganar ƙofa kuma tana nan, ba don ke zan bar ta ba, ba don su ba. Wuta ba ta san adimin ba."

"To mu fa, Yaya? Ni da ke?"

Ta ɗauki dutsen gugar ta gwada zafinsa da yatsa.

"Ke ƙanwata ce, wannan ba a cire mutum daga cikinsa. Kwala za ta ci gaba da zuwar miki. Tashi ki je ki duba surukarki."

Washegari na tsaya a tsakiyar rumfa na faɗa. Ba a yi tafi ba, ba a kuma zage ni yadda na zata ba, wanda ya fi ciwo. Guntuwa ta yi ta kallon ƙasa. Rediyo ta tashi ta koma kusa da Yaya da kwanonta, Yaya ta matsa mata wuri. A nan, baki da baki, ba tare da an taɓa waya ba, aka sa Litinin mai zuwa ƙarfe goma. Mata suka ce sai dai Yaya ta fara tashi, ta ce to.

Ranar Litinin, goma na bugawa, ta kashe kekenta ta kaɗe zare daga cinyarta. Ta dafa tebur za ta miƙe, sai ta tsaya. Ta juyo gaba ɗaya a kan kujerar, ta kalli hannuna, ta kalli kekena. Ba ta tashi ba sai da ta ga na kashe shi na miƙe tsaye.